Yatsan da Na Ɗaga a Hancin Dutse

Jawabin Tok (wato Kaka) Senawi bin Dolmat, tsohon masunci, ranar buɗe rumfar kallon teku a ƙauyen Teluk Nyireh

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa teku ya zuba mata abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban wannan taro, Maigarinmu Haji Bahaudin. Mai girma wakilin gunduma, wanda ya hau dutsen nan da takalmin ofis bai yi ƙorafi ba. Limaminmu da ladaninsa. Dakta Maznah da abokan aikinta, malaman jami'a. Baƙinmu da suka taso tun daga Kuala Lumpur. 'Yan uwana masunta, masu inji da masu filafili. Iyayenmu mata, waɗanda tun asuba suke bakin murhu, har ƙamshin shinkafar kwakwa ya riga mu hawowa nan. 'Ya'yana da jikokina, da dukan jama'ar Teluk Nyireh: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mini wannan rana ina tsaye da ƙafafuna. Ina godiya ga waɗanda suka ɗauko katako a kafaɗa suka hawo da shi, da waɗanda suka kafa, da waɗanda suka saƙa rufi, da waɗanda ba su ɗauki komai ba amma suka tsaya suna ba da shawara, don su ma sun sha rana. Maigari ya ce in yi magana a kan abu uku, kuma in taƙaita. Ukun zan kawo su. Taƙaitawar kuwa, ya san wanda ya gayyato.

Abu na farko, ambu, domin baƙi su san abin da aka tara su dominsa. Ambu ba kifi ba ce, ko da yake a ruwa take rayuwa. Tsawonta bai kai na mutum ba, launinta toka-toka, kanta a mulmule kamar kwakwa, iska take shaƙa kamar ni da ku, tana haihuwa, tana shayarwa. Ba ta tsalle, ba ta bin jirgi tana wasa kamar manyan 'yan uwanta da ake nunawa a talabijin, kuma bayanta sumul yake, babu ƙayar da za ta tsaga ruwa ta tona mata asiri. Ta ɗago, ta yi fuu, ta mirgina, ta nutse. Wanda ya ƙifta ido ya yi asara. Da ta ji ƙarar inji kuwa, sai a neme ta a rasa.

Yawancin yini ba a ganin su da yawa. Bibbiyu suke tafiya, ko uku-uku, ko uwa da ɗanta, wani lokaci wani tsoho shi kaɗai wanda ya gaji da surutun mutanensa. Amma idan ruwa ya gama janyewa ya juyo, yakan daki gindin dutsen nan da kuke zaune a kai, ya murɗa, ya tara ƙananan kifi da jatan lande wuri guda. A sa'ar nan ne za ku ga abin mamaki. Biyu su ɓullo daga bakin kogi, uku daga wajen tsibiri, huɗu daga inda ba ka zata ba, su haɗu ba tare da an yi shela ba. Wasu su zagaya ta waje suna matse kifin, wasu su kutsa ta tsakiya suna ci, can sai su yi musanya, kuma ban taɓa ganin an yi faɗa a kan layi ba. Masu goyo ba sa shiga tsakiya, gefe suke tsayawa inda ruwa ya lafa. Goyo na ce, kuma goyo nake nufi: ɗan yakan kwanta a gadon bayan uwar, ta ɗago da shi ya sha iska, ta koma da shi. Da ruwa ya cika sai taro ya watse, kowa ya kama gabansa, babu jawabin godiya.

Wannan duk ɗan garin nan ya san shi, amma har shekarar da ta wuce babu baƙon da ya taɓa jin sa daga bakinmu, kuma akwai dalili. Kafin a haife ni, wasu masu farautar manyan kifaye suka sauka a nan, aka ba su abinci, aka ba su ruwa, suka yi tambaya, wani bawan Allah da zuciya ɗaya ya ɗaga hannu ya nuna musu gindin dutsen nan. Cikin wata guda suka soke abin da suka soke da mashi, suka yanyanka naman suka yi tarko da shi. Shekara goma sha ɗaya ba a sake jin numfashin ambu a nan ba. Da ambu suka dawo, dattawa suka taru a tsohon masallaci suka yi alkawari uku: ba a kiran sunansu a kan ruwa, sai dai a ce maƙwabta sun fito, ba a nuna su, ko da babban yatsan da muke nuni da shi don ladabi, kuma ba a gaya wa baƙo. Mahaifina ya buge mini hannu da filafili a kan wannan doka. Ni ma na buge hannuwa da yawa a kanta, ga wasu masu hannuwan nan zaune a gaba da furfurarsu, suna kallona.

Abu na biyu, kuskurena. Na ji ana cewa yau ranar karrama ni ce, shi ya sa nake so a ji shi daga bakina kafin Derus ya ba da nasa labarin. Ga wanda bai san Derus ba, shi ne wancan mai farar hula da yake ta murmushi, abokina tun muna ninƙaya tsirara, kuma bai taɓa yarda da maganata ba ko a kan ranar mako.

Shekara biyu ke nan wani kamfani ya nemi a fasa Hancin Dutse, wato dutsen nan, a gina wurin da manyan jiragen yashi za su riƙa tsayawa. Kafin a ba shi izini sai an duba ko akwai wata halitta da aikin zai cutar, aka turo Dakta Maznah. Ta zo da jirgi mai inji biyu, irin wanda idan ya tashi har kajin cikin gari sai sun watse. Kwana tara tana kai da komo da madubin hangen nesa, ba ta ga komai ba, mu kuwa muna bakin ruwa muna gyaran koma muna dariya a ciki. Da ta gaji sai ta ɗauki hoto ta shiga gida-gida. Duk gidan da ta shiga sai a ce mata ta je wurin Tok Senawi, shi ne mai riƙe da tarihin gari.

A nan ta same ni, daidai inda aka kafa wancan ginshiƙi. Ta gaishe ni da ladabi, ta zauna ta ba teku baya, ta miƙo mini hoton, ta ce, "Tok, kun taɓa ganin wannan a ruwanku?"

Jama'a, ruwa ya juyo a lokacin. Ambu uku ne a bayanta, kusa har ina ganin ƙofar numfashinsu. Na dubi hoton, na juya shi, na sake juya shi, na ce, "'Yata, shekarata saba'in da huɗu a bakin ruwan nan, ban taɓa ganin mai kama da wannan ba. A ƙasar Turawa aka ɗauko shi?" Duk sanda ɗaya ta ɗago za ta yi fuu, sai in yi tari. Na yi tari har baiwar Allah ta buɗe jaka ta ba ni alewar maƙogwaro. Na karɓa, na sha, Allah ya yafe mini.

Na sauka daga dutse ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Na ba da labari a shagon shayi sau uku, kowane karo tarin yana ƙara tsawo. Kowa a gari ya faɗi abin da na faɗa, har yaran makaranta, kuma na yi alfahari da su.

Bayan wata biyar, ranar Juma'a bayan an sallame, Maigari ya miƙe da takarda a hannu. Takardar ta ce an bincika ba a sami wata dabba da ke buƙatar kariya ba, kuma dattawan gari sun tabbatar da haka, na farkonsu Senawi bin Dolmat. Ta ce an ba da kwana arba'in ga mai ƙorafi, bayan haka za a fara fasa dutse. Ban iya karatu ba, amma na ce a nuna mini inda sunana yake. Aka nuna mini. Bai fi tsawon jatan lande ba, amma shi ne zai rushe dutsen nan.

Da na koma gida, matata Sepiah, ga ta can cikin mata tana rufe fuska, ta ajiye mini abinci, ta jira na wanke hannu. Sannan ta ce, "Abang, maigidana, ka iya ɓoye abu. Ka ɓoye su har za a rushe musu gida ba a san da kowa a ciki ba." A shagon shayi kuwa, da na shiga sai Derus ya miƙe ya kakkaɓe kujera, ya ce a matsa wa babban mai shaida, mutumin da gwamnati ta san sunansa.

Kuna tsammanin na sauko? Ban sauko ba. Na ce doka doka ce, iyayenmu ba wawaye ba ne, a nemi wata hanya. Har na je wurin Liman na ce mu shaida cewa akwai kabarin wani waliyyi a kan dutsen. Liman ya dube ni ya ce ƙarya ɗaya ta ishi ƙauye guda. Na fita ina fushi, na yi sati ina salla a sahun baya. Haka na cinye kwana talatin da ɗaya cikin arba'in ɗin nan, ina gardama da duk wanda ya tsaya.

Abin da ya karya ni ba magana ba ce. Wata safiya na hawo sai na tarar an shafa jan fenti a wurare goma sha biyu, inda za a huda a sa nakiya, ɗaya a kan ɗan lotsawar da mahaifina yake zama. Na zauna kusa da fentin. Ruwa ya juyo, maƙwabta suka fito kamar kullum, cikinsu da wata mai sabon goyo, ɗan bai fi damtsena ba. Ba su san an rubuta cewa babu su ba. Na sauka, na sa rigar Juma'a, na hau motar birni.

Na sami Dakta Maznah a ofishinta. Ta ba ni kujera, ta tambayi tarina. Na ce tarin ya warke, ƙarya ce ta rage. Na gaya mata komai.

Ta ce, "Tok, kai kaɗai, ko duk garin?"

Na ce, "Duk garin. Ni na koya musu."

Ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido, sannan dariyar ta ɗauke. Ta bayyana mini cewa bakina da ya ce babu ba zai wadatar ba idan ya dawo ya ce akwai, sai ta gani da idonta, sai ta ɗauki hoto, kuma sai ta rubuta da hannunta cewa aikinta na farko bai yi daidai ba, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai irin matsayinta. Ina so jama'a su san wannan: ba ta yi jinkiri ba. Abin da ta ce kawai shi ne za ta nemo jirgin nan nata. Na ce idan ta kawo jirgin nan ni da kaina zan huda shi. A kan dutse za a zauna, a yi shiru, a jira.

Ta iso saura kwana biyar. Sai iska ta taso. Kwana uku teku tana tafasa, kuma idan ruwa yana kumfa ko ni ba na iya raba bayan ambu da igiyar ruwa. Muka zauna, ni da ita da wakilin kamfani, wani mutum mai haƙuri da lema, wanda aka turo ya zama shaida. Rana ta farko ya yini a ƙarƙashin lemarsa. Rana ta biyu ya tambaye ni, cikin ladabi, a wanne daga cikin maganganuna biyu ya kamata ya tsaya. Rana ta uku ban iya cin abinci ba.

Rana ta huɗu gari ya waye teku kwance kamar an shafa mata mai. Duk masunci a nan ya san abin da irin wannan safiya take nufi bayan kwana uku ba a fita ba: kifi ne, kuma gidaje suna jira. Ina hawowa ina sauraron injuna talatin da ɗaya su tashi su kore mini komai. Ban ji ko ɗaya ba. Na leƙa ƙasa sai na ga jirage a ɗaure, maza a tsaye a kan yashi sun harɗe hannu. Ashe tun bayan sallar asuba Derus ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na tambaye shi me ya gaya musu. Ya ce, "Na ce musu tsohon banzan nan zai mutu da baƙin ciki, kuma ni ba ni da ƙarfin haƙa kabari."

Ruwa ya juyo. Kunnena ya riga idona: fuu, daga hagu. Sai wani daga dama. Na ce wa Dakta maƙwabta sun fito. Ta ɗora madubi a ido tana neman su can nesa, inda jirginta ya saba bi. Na ce ta sauke madubin. Ta sauke. Na ce ta dubi kusa. Ta duba, amma kafin idonta ya isa wuri sun nutse, kafin ta dawo sun ɓullo a wani. Na nuna da haɓa, na nuna da leɓe, na ce wajen kumfar can, na ce a'a, gaba kaɗan. Ta ce, "Tok, ina? Ban ga komai ba." Wakilin kamfani ya duba agogo. Ni kuwa na san taron nan ba ya daɗewa, da ruwa ya cika shi ke nan, kuma gobe ba ni da tabbacin iska.

Ya ku jama'a, shekara sittin da biyar hannun nan bai tashi a kan ruwan nan ba. Na ji shi da nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Mutanen gari duka suna ƙasa suna kallona, har da waɗanda na buge. Na ce a raina, Baba, ka yi haƙuri. Na ɗaga shi gaba ɗaya, na miƙe manuni, na ce ta bi yatsana, kada ta dubi inda suka nutse, ta dubi inda zan kai shi. Na kai shi inda na san uwar nan za ta ɗago. Ta ɗago, da ɗanta a baya.

Dakta ta gan su. Da idonta ya koyi abin da zai nema, sai ta fara ganin su ko'ina, na waje suna zagayawa, na tsakiya suna kutsawa, masu goyo huɗu a gefe. Hawaye yana zuba, tana dariya, na'urar hoto tana rataye a wuyanta ba ta taɓa ta ba. Sai da na daka mata tsawa na ce, "'Yata, na karya alkawarin ubana, ke kuma kin tsaya kallo?" Sannan ta tuna. Wakilin kamfani ma ya ajiye lema ya ciro wayarsa, yana cewa a hankali ashe da gaske ne. Ita ta ƙirga goma sha bakwai, ni na ƙirga goma sha tara, kuma har yau ba mu shirya a kan wannan ba. Sauran labarin kun san shi: ta rubuta, aka sake zama, aka janye izini, aka kankare jan fenti, ga mu a ƙarƙashin rumfa. Tun ranar Derus yake kirana Tok Mai Yatsa, har jikokina sun ɗauka.

Abu na uku, roƙo, kuma a nan ina so a saurare ni da kyau. Yayata Kalsom ba ta zo wannan taro ba. Shekararta tamanin da ɗaya, ƙafarta lafiya lau, ƙin zuwa ta yi. Ta ce iyayenmu sun ga abin da nuni ya jawo, ni kuma na nuna, yanzu ga mota cike da baƙi. Ban ce ta yi kuskure ba. Ɓoyewa ta tsare su shekara tamanin, ɓoyewa kuma ta kusa hallaka su, ni dai na zaɓi abin da na ga zai bar dutsen a tsaye, kuma ban san yadda za ta kaya ba. Amsar tana hannunku. Idan bayan shekara goma maƙwabta suna nan, na yi daidai. Idan sun tashi, Kalsom ta yi gaskiya, kuma sunana zai shiga wuri ɗaya da na mutumin nan da ya nuna wa masu mashi.

Saboda haka ina roƙon masu jirage, kada kowa ya ɗauki baƙo ya bi su da inji, ko me baƙon ya yi alkawari. Ina roƙon masu koma, a bar gindin dutsen nan idan ruwa ya juyo, teku tana da faɗi. Ina roƙon baƙinmu, ku zo, muna murna da ku, ga inuwa, ga shayi, amma ku zo da haƙuri, domin wata rana za ku zauna tun safe ba ku ga komai ba, kuma ba a bin kowa bashin gani. Ina roƙon malaman makaranta, ku kawo yara, ku bar su su nuna da duk yatsan da suka ga dama, na ajiye filafili. Sunan kuwa, a kan tudu ku kira su ambu yadda kuke so, amma a kan ruwa ni dai maƙwabta zan ci gaba da cewa, kuma babu takardar da za ta canza mini wannan.

Allah ya saka wa Dakta Maznah da alheri, ya ƙara mata irin zuciyar da ta ce na yi kuskure. Allah ya albarkaci jirage talatin da ɗaya da suka yini a ɗaure a ranar kamu, ya cika komarsu. Allah ya ja kwanan Maigari da Liman, ya ba Sepiah ladan zama da ni, ya sanyaya zuciyar Kalsom, ya shiryi Derus. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka yi alkawari, ya yafe wa wanda ya karya shi. Allah ya mai da baƙinmu gida lafiya, ya bar mana maƙwabtanmu.

Maigari, na ga fararen tsuntsaye sun fara taruwa a gindin dutse, ruwa ya juyo ke nan. Ina roƙon a kashe lasifikar nan. Wanda ya yi niyyar tafa mini ya riƙe hannunsa, amin ɗin ma a yi ta a zuci. Ku juya kujerunku, ku ba ni baya, ku dubi kusa.

Na gode.